Sharhi: Mai raino ba ta ɗinka rigar sanyi

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka, ya muke ji da sanyi.

Maganar da na ɗauko yau da idona na gani, ba labari aka ba ni ba. A layinmu nan Kano akwai wata baiwar Allah da take raino a gidanta, irin wadda mata ma'aikata suke ajiye mata yara da safe su wuce aiki, malaman makaranta ne, nas-nas ne, masu shago a kasuwa ne, in yamma ta yi a zo a ɗauka. Falo ta ware da ɗaki ɗaya, ta shimfiɗa leda da 'yan katifu, kowa a unguwar Anti yake ce mata. Shekaranjiya wajen bakwai saura na fito zan tafi aiki, hazo ya rufe gari ko ƙarshen layin ba ka hangowa, sai ga wani bawan Allah ya tsaya da babur a ƙofar gidan. Shi ya sha rigar sanyi mai kauri, ya naɗe fuska da rawani, har da safar hannu. A kan tankin babur ɗin kuma ɗansa ne da bai fi shekara biyu ba, daga shi sai 'yar shimi da gajeren wando, ƙafa ba safa ba takalmi, kai a buɗe, hanci na zuba, leɓe ya bushe ya tsage, idon nan sai hawaye saboda iska. Ya sauke shi ya miƙa da 'yar leda mai pampas biyu da koko a kofi, ya ja babur ya yi gaba. Anti ta taɓa tafin ƙafar yaron ta yi salati, ta cire mayafinta ta naɗe shi ta shige ciki.

Wallahi ranar da abin na wuni a raina. Da yamma na tsaya muka gaisa, na ce Anti wai haka ake kawo miki su? Ta ce min ai duk shekara haka take fama, tsofaffin rigunan sanyin 'ya'yanta duk ta saka wa yaran mutane, an tafi da su gida ba su dawo ba, kuma in ta yi magana sai a ɓata rai, a ce ai kuɗi ake biyanta.

Toh jama'a, kuɗin raino ake biya. Mai raino ba ta ɗinka rigar sanyi. Shirya yaro aikin gidansu ne, aikin uwa da uba ne, tun kafin a buɗe ƙofa a fito da shi.

Kuma hunturu ba baƙo ba ne balle a ce ya zo ba sanarwa. Duk shekara daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu yake zuwa, busasshiyar iska daga Sahara ta arewa maso gabas, ta kwaso ƙura tun daga yankin Bodele a ƙasar Chadi ta juye mana. A Disamba da Janairu ma'aunin zafi da asuba a Kano yakan sauko wajen digiri 12 zuwa 14, wani lokacin ƙasa da haka, mutanen Jos kuwa sukan ga ƙasa da 10. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da gargaɗin hazo, mu ma muna karantawa a nan gidan rediyo. Wanda ya san ya nemo wa kansa safar hannu ai ya san ana sanyi.

Jikin yaro ba irin namu ba ne, wannan shi ne abin da nake so iyaye su gane. Ƙaramin jiki ya fi saurin zubar da ɗumi, kuma kan jariri babba ne in ka gwada da sauran jikinsa, shi ya sa hula ba ado ba ce. Sannan ba shi da bakin da zai ce Baba ina jin sanyi, sai dai kuka, in ya gaji ya yi lamo, mu kuma mu ce yau ya yi haƙuri. Ka ƙara da cewa a ƙasa yake wuni, yana rarrafe a kan siminti ko tayil da ya kwana yana shan sanyi, ga dalala ta jiƙa gaban riga, ga koko ya zube, ga fitsari ya ɓullo ta gefen pampas. Jiƙaƙƙiyar riga a jikin yaro da sanyin nan ta fi tsirara illa. In babu ta canji a jaka, me kuke so mai raino ta yi, da yara takwas ko goma a gabanta, ta wanke ta shanya ta zauna jiran ta bushe?

Na san abin da wasu za su ce, wai mu ma haka muka taso, sanyi ƙwari yake ƙara wa yaro. Haba jama'a! Mun taso a goye a bayan iyayenmu mata, an ɗaure da zani da majanyi, ba a kan tankin babur ba, ba a bakin ƙofar adaidaita sahu iska na dukanmu tun daga Hotoro har Sharaɗa ba. Wasu su ce ai a ɗaki zai wuni. Hanyar fa? Kuma ɗakin da ake buɗe ƙofarsa duk minti biyar ana shigo da wani yaron?

Akwai kuma masu ilimi da za su ce sanyi ba shi ke kawo cuta ba, ƙwayoyin cuta ne. Gaskiya ne, na yarda, mura da namoniya ƙwayoyi ke kawo su. Amma busasshiyar iska da ƙura suna busar da hanci da maƙogwaro, su raunana garkuwar da ke wurin, kuma lokacin ne ake cunkusa yara a rufaffen ɗaki, ɗaya ya yi atishawa goma su ɗauka. A Najeriya, ƙasar da alƙaluman UNICEF suka nuna namoniya, wato ciwon huhu, ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 162,000 a shekarar 2018, fiye da kowace ƙasa a duniya, ba mu da damar yin wasa da ƙirjin yaro. Ga masu asma da sanyi da ƙura ke tayar musu. Ga masu sikila, kuma Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan haihuwar masu ita, duk uwar da take da mai sikila ta san abin da sanyi yake yi wa ƙashin ɗanta, ta san daren da za ta kwana a asibiti yana ihu.

Maganar babu kuwa, ita ce kaɗai nake saurara da kunne biyu, don rayuwa ta yi tsada kuma kowa na ji a jikinsa. Amma a yi adalci, ba sabuwa aka ce a sayo a kanti ba. Ƙofar Wambai cike take da gwanjo, rigunan sanyin yara, huluna, safa, dogayen wanduna, ana zuba su a ƙasa tun kafin sanyin ya kankama. A wanke a shanya shikenan. Ga na yayye da aka cusa a ƙasan akwati. Wanda yake iya biyan kuɗin raino duk wata, yake saka data a waya, bai rasa na hula da safa biyu ba. Kati da allura da ƙarin ruwa na kwana uku a asibiti sun ninka kuɗin nan sau nawa?

Wani abin da ke ƙara ɓata min rai shi ne kayan gayu. A tsantsara wa yarinya rigar leshi mai siririn hannu da ribom, a ɗauki hoto a saka a status, uwar kuma ta zura suwaita a ƙarƙashin hijabi. Wasu kuma su wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, a jibga wa yaro ƙatuwar jaket guda ɗaya ba komai a ciki, rana ta take wajen ƙarfe ɗaya zafi ya kai kusan 30, yaro na gumi, a cire ya zama tsirara, a bari ya dahu. Hawa-hawa ake sa wa yaro kaya, shimi a ciki, riga mai dogon hannu, suwaita a sama, dogon wando, safa, hula mai rufe kunne. Gari na ɗumi ana ragewa, la'asar ta yi a mayar. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya suke bayarwa mai sauƙi ce, abin da kai babba ka saka ka ji daidai, ƙara wa jariri hawa ɗaya a kai. A shafa masa basilin ko man kaɗanya a jiki da leɓe. A jaka kuma a saka cikakken canji, aƙalla ɗaya, biyu ya fi.

Kun san abin da yake faruwa in ba a yi haka ba? Mai raino ta ga yara na rawar ɗari, tausayi ya kama ta, ta hura gawayi a kasko ta shigo da shi ɗaki ta rufe ƙofa da taga. Ga masu rarrafe ga garwashi. Ga kuma iskar da gawayi ke fitarwa, ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum a rufaffen ɗaki yana barci. Masu raino don girman Allah kar ku yi wannan, ko da wasa. Amma iyaye ku sani sakacinku ne yake tura ta can.

Ku kuma masu raino, kunya ta isa haka. Na san alkunya ce, na san kuna tsoron a cire yaro a kai wani gidan, amma in yaro ya kwanta ciwo ku za a fara nuna wa yatsa. Ku kafa doka tun farkon Nuwamba, ku rubuta a takarda ku manna a ƙofa, ku tura a group ɗin WhatsApp na iyaye, wadda ba ta karatu ku yi mata voice. Kowane yaro a ajiye masa saiti ɗaya a wajenku da sunansa a jikin leda. Da safe ku buɗe jakar a gaban wanda ya kawo shi, kafin ya juya. In babu, ku ce Baban wane yi haƙuri koma ka ɗauko, in kuma ba zai yiwu ba a aiko kafin ƙarfe tara. Doka ce ta kowa, ba za a ce an ware wani ba. Kuma ku dinga lura da numfashinsu, yaro ɗan wata 2 zuwa 11 in yana numfashi sau 50 ko fiye a minti ɗaya, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 sau 40 ko fiye, ko kuka ga ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki in ya ja numfashi, ba jiran yamma ba ne, a kira iyaye a wuce asibiti.

Iyaye maza, da ku nake musamman, don yawanci ku ne kuke ɗauko su a babur. Kar ka ce ai aikin uwarsa ne. Kai ka ɗora shi a tanki, kai ka ga ƙafarsa. Kafin ka tayar da babur taɓa ƙirjinsa da bayan wuyansa, duba kansa, duba jakar. Mai raino ba ta ɗinka rigar sanyi, kuma mayafinta ɗaya ne.

Yau da daddare kafin a kwanta a haɗa jakar gobe, a ajiye hula da safa a kanta don kar saurin safiya ya sa a manta. Anti ta ce min za ta manna tata takardar a ƙofa, gobe in Allah ya kai mu da bakwai saura zan sake bi ta wajen. Wassalamu alaikum.