Zogale, Zoɓo da Zuma: Abin da Kasuwa Ke Koya wa Mai Ƙaramin Jari

Assalamu alaikum masu kallo. Duk wanda ya leƙa sitatus ɗin WhatsApp a 'yan shekarun nan ya san da wuya ya kai ƙarshe bai ci karo da mai tallar garin zogale ba, ko haɗin shayi na citta da kanumfari, ko zuma farar saƙa, ko man kaɗanya. Sana'ar kayan inganta lafiya ta samu karɓuwa saboda shigarta ba wuya: turmi, rariya, sikeli, robobi, sai waya a hannu. Amma masu shiga da yawa, masu kai shekara biyu a ciki kaɗan ne. Yau za mu duba inda ake tuntuɓe.

Ku kalli garin zogalen nan guda biyu. Na dama kore ne shar, na hagu ya koɗe ya koma kamar ƙasa-ƙasa. Bishiya ɗaya aka tsinko su, shanya ce ta raba su. Na hagu rana ya sha, ita kuwa rana tana kashe launin ganye, tana kuma rage wasu sinadaran da saboda su ake sayensa. Zogale a inuwa ake busar da shi, inda iska ke ratsawa, a kan raga ko tabarma mai tsafta da aka ɗaga daga ƙasa, nesa da kaji da awaki. Sai ka murza shi a tafin hannu ya ruguje ƙaras, sannan ya isa niƙa. In akwai sauran danshi ka rufe a roba, kafin wata ya zagayo ya yi fumfuna, mai saye ya buɗe ya ji warin ruɓa.

Abin da sabon shiga bai cika lura da shi ba shi ne, lokacin da ganye ya fi araha shi ne lokacin da ya fi wuyar bushewa. Da damina zogale ko'ina, ana ta neman kai da shi, amma iska cike take da laima. Da hunturu kuwa yana bushewa nan da nan, sai dai ganyen ya yi ƙaranci, ga ƙura. Wanda ya kwashe jarinsa ya sayi ɗanye tsakiyar Agusta ba tare da ya tanadi wurin shanya ba, rabin kayan a bola zai ƙare. Sannan ɗanyen ganye yawancinsa ruwa ne; buhun da ya cika ido da safe, in ya bushe aka tankaɗe, 'yan kwanuka ne. Farashin garin ake lissafawa, ba na ɗanyen ba.

Akwai kuma injin niƙa na unguwa. Wanda ya riga ka barkono ya niƙa, ko ƙuli-ƙuli. Kayanka zai fito da yajin wani. Ko ka sa a wanke injin a gabanka ka biya kuɗin wankin, ko ka tara kuɗi ka sayi ƙaramin naka.

To, mu zo ga babbar magana, wato bakin mai talla. Kasuwar nan tana da jaraba guda: wanda ya fi kowa cika baki shi ya fi saurin ciniki. Yau ka ji an ce garin nan yana maganin suga, hawan jini, ulsa, basir, sanyi, har da rashin haihuwa, duk a roba ɗaya. Zogale abinci ne mai gina jiki, iyayenmu sun daɗe suna kwaɗonsa. Amma ranar da ka rubuta "yana warkar da ciwon suga" a jikin roba, ka tashi daga mai sayar da abinci ka koma mai sayar da magani, kuma doka tana kallonka da wani ido daban.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin abinci da magunguna da ake ƙunshewa a sayar a Najeriya. Maganin gargajiya da ta amince a sayar tana ba shi lamba mai ƙarewa da harafin L, na tsawon shekara 2, sannan a sabunta. Ku fahimci wannan da kyau: lambar tana nufin an gwada an ga ba ya cutarwa, ba ta nufin an tabbatar yana warkarwa. Shi ya sa ake wajabta rubutawa a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Ita kanta tallar magani sai da izininsu. Kafin su ba ka lamba za su nemi takardar rajistar kasuwancinka ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, su zo su ga wurin da kake haɗa kaya, kuma ba za su karɓi kicin ɗin da ake tuƙa tuwon gida ba.

Ni dai ba tsoron hukuma ne ya fi damuna a nan ba. Hajiya ce za ta turo saƙon murya ta ce, "Yarinya, tun da na fara shan haɗin nan na ajiye ƙwayar asibiti." Mai sana'ar da ta san abin da take yi ba murna za ta yi ta sa saƙon a sitatus ba. Kiran Hajiya za ta yi nan take, ta ce, "Mama, don Allah ki koma kan maganinki, wannan ƙari ne kawai, ki kuma faɗa wa likita kina sha." Zoɓo yana ɗan saukar da hawan jini, don haka mai shan ƙwayar hawan jini ya kamata likitansa ya sani. Mai juna biyu ba kowane haɗi ake ba ta ba. Zuma kuwa, duk albarkarta, likitoci sun hana a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba. Faɗin irin wannan yakan sa ka rasa cinikin ranar, amma gidan nan gaba ɗaya sun zama naka.

Tunda an taɓo zuma: gwajin ashana da na ɗiga ta a ruwa ba sa tabbatar da komai, gauraye da narkakken sukari ma yakan tsallake su. Daskarewa kuma ba shaidar algus ba ce, zuma mai kyau ma tana daskarewa. Hanya mafi tabbas ita ce ka san mai amya, ka je inda yake ɗiba, ka zauna a kan mutum ɗaya ko da ya fi na kasuwa tsada. Araha ba ta ado.

Sai lissafi. Mutane da yawa suna cire kuɗin ganye daga abin da suka sayar, ragowar su kira ta riba. Ina kuɗin roba da sitika? Ina na adaidaita zuwa kasuwar Kurmi ko ta Dawanau? Data fa, da niƙa, da kayan da suka lalace, da wahalar kanka? Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, robobi da leda suka bi shi, wanda kuwa ya ji kunyar ƙara farashi ya wayi gari yana cin uwar kuɗi yana zaton riba ce. Asusun sana'a daban, na cefane daban. Bashin dangi, irin na "kawo zan turo anjima", a sa masa iyaka tun ranar farko. Kada kaya ya tafi tasha kan hoton rasit. Sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗi sun zauna.

Mai son farawa da kunun aya ko zoɓon sha ya fara tambayar kansa awa nawa ake samun wuta a unguwarsu. Kunun aya ba firiji, da zafin Afrilu, ba ya kwana. Busasshen haɗi kuwa yana wata da watanni yana jiran mai saye, kuma direba zai kai maka shi har Abuja ko Maraɗi bai zube ba.

Abu na ƙarshe mai sauƙi ne: duk haɗin da ka yi, rubuta ranar a jikin kowace roba, ka shigar a littafi wa ya kawo ganyen, ina aka niƙa, sannan ka ajiye roba ɗaya a gida. Ranar da wani ya kira ya ce kayan sun ɓata masa ciki, za ka ɗauko taka ka buɗe, ka duba su wa kuma suka sayi haɗin ranar, ka kira su kafin su kira ka.

A shiri na gaba za mu bi matakan rajistar CAC ɗaya bayan ɗaya. Mu kwana lafiya.