Amsoshin Tambayoyinku: Baƙin ɗigo a fuskar monita

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa cikin shirin amsoshin tambayoyinku daga nan birnin Shehu. Yau saƙonni ukku munka ware kuma duk kan abu guda suke, wato monita, irin shafal ɗin nan da ta kori tsohuwar mai ƙaton tozo a baya.

Na farko daga wani ɗan'uwa ne mai shagon buga takardu a Mabera. Ya ce ya sayi monita inci 22 'yar Kwatano, sai da ya kai shago ya buɗe Word zai buga ma wani ɗalibi furojet sannan ya ga wani ɗan baƙin ɗigo awa kashin ƙuda a tsakiyar farin shafi, ya goge ya goge bai fita ba, da ya mayar mai kaya ya ce mashi ai kaya sun riga sun bar shago. Shina tambaya mi ne ne wanga abu, kuma ana gyara shi?

To Malam, Allah ya mayar da alheri. Abin da ka gani shi ake ce ma mataccen fiksel. Hoton da ke fuskar monita ba shafe shi anka yi ba kamar fenti, ƙananan ɗigo ne anka jera sahu-sahu, kowane ɗigo shi ne fiksel, kuma cikin kowane guda akwai 'yan ɗakuna ukku, ja da kore da shuɗi, kowane da ɗan makunninshi da ke buɗe ma hasken fitilar da ke bayan gilashi hanya ko ya tare shi. Monita mai 1920 da 1080 tana da fiksel 2,073,600, in ka ninka sau ukku ka ga 'yan ɗakuna sun haura miliyan 6, to cikin wanga taro in makunni guda ya lalace tun daga kamfani ko wurin dakon kaya ai ba abin mamaki ba ne. In wurin ya tsaya baƙi ƙirin ko wace kala ka sa, ya mutu, kuma gaskiya ɗaya ce, ba ya tashi, duk mai gyaran da ya ce ka kawo kuɗi ya tashe shi sai dai in gilashin gaba ɗaya zai canja, kuɗin gilashi kuwa sau da yawa gara ka sayi wata monita. Amma in ɗigon ja ne ko kore ko shuɗi da ya ƙi canjawa, wannan maƙalewa ya yi, shi kam akan dace. Akwai shafin intanet mai suna JScreenFix, za ka jawo wani ɗan akwati mai walƙiyar kaloli ka aje saitin ɗigon kamar minti 10, wani lokaci ya saki wani lokaci ya ƙi. Masu cewa ka danna wurin da yatsa ko bakin biro, ni ban ba ka wannan shawara, garin neman gira ake rasa ido.

Abin da ya fi damuna cikin saƙonka Malam shi ne maganar kaya sun bar shago, don ni ma an taɓa faɗa min ita. Wata shekara na sayi monita a wani shago nan cikin gari, yaron shagon ya kunna min ita da hoton wani lambu mai furanni kala-kala, ta yi kyau ƙwarai na biya, bayan isha'i ina karatu sai ga ɗigo kore shina ƙyalli kusa da tsakiya, kuma wallahi tun da idonka ya gan shi ba ya sake barin wurin. Hoton furannin nan shi ya ɓoye shi.

Wannan ya kawo mu saƙo na biyu, wata Hajiya daga Arkilla ta ce za ta sai ma ɗanta monita don koyon zane a kwamfuta da shirin JAMB, tana son sanin yadda za ta gwada kafin ta biya. Hajiya ranki ya daɗe, ga yadda za a yi. Ki sa yaron ya buɗe Paint a gida ya yi hotuna biyar, fari fat, baƙi, ja, kore, shuɗi, babu komi cikinsu sai kala zalla, ya zuba a filash ko ku tafi da laftof ɗinku da wayar HDMI, wato wayar haɗa laftof da monita. A shago a fara goge fuskar da tsumma mai laushi, don ƙurar hunturun Sakkwato kaɗai ta isa ta sa ki ga ɗigon da babu, sannan a buɗe kowane hoto ya cika fuska, ku matso kusa ku bi ta da ido daga kusurwa zuwa kusurwa ba gaggawa. Fari shi ke tona matacce, baƙi shi ke tona mai haske da kuma hasken da ke yoyo ta gefe, don haka in ana baƙin ku sa a juya ta daga rana. In mai shago ya ce ba wuta, a tada janareto, in ya ce ba mai ku ce za ku jira ko ku je gaba, kuɗinku ne Hajiya, kunya ba ta cikin ciniki. Tun da zane zai yi ku nemi mai irin gilashin da ake ce ma IPS, ita kalarta ba ta juyewa in an kalle ta ta gefe kamar ta mai irin gilashin da ake ce ma TN. Ku duba bayanta kuma, akwai tsofaffi da VGA, wato tsohon ramin haɗa monita da kwamfuta, kaɗai gare su alhali laftof na yanzu da yawa ba su da ramin VGA.

Kada a ce don sabuwa ce cikin kwali ba sai an buɗe ba. An yi wata ƙa'idar ingancin kaya ta duniya mai suna ISO 13406-2 da ta kasa gilasan monita aji-aji, daga baya ISO 9241 ta maye gurbinta, a tsohuwar ƙa'idar aji na ɗaya babu aibi ko guda, amma aji na biyu wanda galibin na kasuwa ke ciki an yarda cikin kowane fiksel miliyan guda a samu masu haske 2, matattu 2, da ƙananan aibi na 'yan ɗakunan nan har 5, kamfani kuma bai ɗauke shi laifi ba. Kin ga ke nan waranti ba lallai ya karɓi ɗigo guda ba. Akwai masu kyautatawa, kamar Dell da ke canja monitocinsu na UltraSharp ko da ɗigo mai haske guda ne cikin lokacin waranti, amma wanda ya sayi 'yar Kwatano ina zai ga wannan? Warantinshi bakin mai shago ne, shi ya sa nake cewa a rubuta a rasit, kwana kaza in an ga aibi za a canja, a sa hannu a buga hatimi.

Na ukku gajere ne, wani ƙanenmu ɗalibin jami'ar Ɗanfodiyo ya ce tashi monitar wani baƙin tabo ne kamar an zuba tawada kuma kullum ƙara faɗi yake, shin fiksel na harbin juna? A'a ƙanena, mataccen fiksel inda ya mutu nan yake zama. Taka gilashin ciki ne ya tsage, ko ta faɗi ko an danne ta cikin kaya a bayan kabu-kabu, tabon kuma zai ci gaba da yaɗuwa, sai dai canjin gilashi. In da layi ne siriri daga sama har ƙasa da na ce fara canja waya ka gani.

Lokaci ya ci mu jama'a, sauran saƙonnin da kunka aiko kan batirin laftof da zafin bazara mun aje su sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.