Yadda ake raba ruwan inji ɗaya zuwa tiyo huɗu

Assalamu alaikum 'yan uwa manoma, barkanmu da war haka, yau daga fadamar Argungu nike magana. Ku duba wanga bututu da na shimfiɗa a ƙasa, shi ake kira manifol, baki ɗaya ruwa ke shiga, baki huɗu yake fita, kowane da nashi bawul, wato abin buɗe ruwa da rufe shi. Ko injin mota yana da irinshi, shi ke raba iska ga silinda, amma mu yau ta ruwa muke.

To ga inda mutane ke kuskure, kuma wallahi abin yana damuna don kuɗin mai ne ke tafiya a banza. Mutum zai sa uwar bututu inci ɗaya, 'ya'yan ma inci ɗaya, sai ka ga kwamin farko ya cika har yana ambaliya, na ƙarshe kuwa shinkafa na ƙishi, sai ya ce injin ne ya gaji. Ba injin ba ne malam, hanya ce ta yi ma ruwan kaɗan, yana gogar jikin bututu ƙarfinshi na raguwa kafin ya kai ƙarshe. Ku riƙe lissafin nan, bakin bututu inci 2 ya ninka na inci 1 sau huɗu, ba sau biyu ba. Shi ya sa na sa uwar inci 2, 'ya'ya huɗu inci ɗaiɗai, in da hali ma ka sa inci 3.

Sannan ku ga inda na shigo da ruwan, ta tsakiya, biyu dama biyu hagu, babu wanda ya yi nisa. In duk da haka wani ya fi wani, ka ɗan rage bawul ɗin mai ƙarfin, ruwan da kanshi zai koma ma sauran. Amma a hankali ake rufewa, in ka datse lokaci guda ruwan zai bugi bututu, nan ne gam ke saki.

Wanga murfi na ƙarshe kuma kada a sa mishi gam, mai zare ne, ruwan fadama da yashi yake tafe, lokaci lokaci ka kwance shi ka bar ruwa ya wanke ciki.

Yawwa ƙanena tada injin, kai kuma matso da waya kusa da tiyo na huɗu su gani.