Na je garin Fatima Bibi, mace ta farko a Kotun Ƙolin Indiya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, ruwa ne ake tafkawa a kan kwanon rumfar mai shayi. A jihar Kerala ta kudancin Indiya in ka ce sai ruwa ya ɗauke za ka yi magana, to sai dai ka kwana da maganarka a ciki. Sunan garin nan Pathanamthitta. Don Allah kada wanda ya ce in maimaita, sau uku na faɗa wa kwandasta, sau uku yana dariya.

Tun asuba na baro Kochi. Jirgin ƙasa ba ya shigowa cikin garin, sai na sauka a Chengannur na hau bas. Hanyar duk kwana-kwana ce, hagu da dama gonakin roba, kowace bishiya an tsaga jikinta an ɗaura mata ɗan ƙoƙo yana tarar farin ruwan da ke ɗiga. Rabin fasinjojin maza ne da baƙaƙen zannuwa, ƙafa ba takalmi, masu zuwa ziyara wurin bautarsu na Sabarimala, wanda ke cikin wannan gunduma. Ni kuwa wata tsohuwa na zo nema, duk da na san ta riga mu gidan gaskiya.

A nan aka haifi Fathima Beevi, haka suke rubutawa, mu dai Fatima Bibi za mu ce, ranar 30 ga Afrilu, 1927. A lokacin babu ma jihar Kerala, masarautar Travancore ce. Musulma ce, mahaifinta Meer Sahib ma'aikacin gwamnati. Digirinta na farko a kan ilimin sinadarai ta yi shi a Thiruvananthapuram, mahaifin ne ya karkata ta zuwa karatun lauya. Kuma ba a duhu ya yi harbi ba, don a masarautar nan tasu akwai Anna Chandy, wadda ta hau kujerar alƙalanci tun 1937, mace ta farko a duk Indiya.

A 1950 Fatima ta zo ta ɗaya a jarrabawar shiga aikin lauya, har da lambar zinariya, aka rantsar da ita a watan Nuwamba. Ku riƙe wannan shekarar, a cikinta aka buɗe Kotun Ƙolin Indiya a Delhi. Wato ita da kotun tare suka fara aiki, amma sai da aka shekara 39 kafin su haɗu.

To wannan tsakanin shi ya ɗauko ni daga Kochi. Ba ɗaukar ta aka yi daga babban ofishin lauyoyi aka ɗora a sama ba. Shekara takwas tana lauya a Kollam, 'yar Musulmi da mayafinta cikin kotun da kusan duk maza ne. A 1958 ta zama abin da suke kira munsif, ƙaramin alƙali, mai sauraron rikicin bashi da na haya da na iyakar fili. Shekara goma cur a wannan kujera. Ku yi tunanin shekara goma kullum wa da ƙani suna jayayya a gabanki a kan bishiyar kwakwa guda da ta faɗo kan iyaka. Sai 1968 aka ƙara mata matsayi, 1972 babbar majistare, 1974 alƙaliyar gunduma, 1980 kotun ɗaukaka ƙarar haraji, 1983 Babbar Kotun Kerala. Babu tsanin da ta tsallake.

Bari in kurɓi shayin nan kafin ya huce. Dubi yadda yake shiƙa shi daga kofi zuwa kofi, hannu a sama, sak mai shayin bakin tasha.

A Indiya alƙalin babbar kotu yana ritaya yana da shekara 62, na Kotun Ƙoli kuma 65. A Afrilun 1989 ta cika 62, ta tattara kayanta, aiki ya ƙare. Bayan wata biyar da 'yan kwanaki, ranar 6 ga Oktoba, sai ga kira daga Delhi. Shekara biyu da rabi kacal ta yi a can, ta sauka a Afrilun 1992. Ni a ganina an yi mata ƙwauro, an kira ta cin tuwo bayan an kusa suɗe kwano. Da na faɗa wa 'yan ajinmu Indiyawa cewa mu a Najeriya Aloma Mukhtar ta shiga Kotun Ƙoli a 2005, ta kuma zama Alƙaliyar Alƙalai a 2012, sai aji ya yi tsit. Sun riga mu shigar da mace da shekara 16, mun riga su ba ta shugabanci.

Yanzu ga inda labarin ya ɗan yi ɗaci, kuma ba zan ɓoye ba. Bayan ta yi aiki a hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasa, a Janairun 1997 aka naɗa ta gwamnar jihar Tamil Nadu. Gwamna a nan ba irin namu ba ne, ba zaɓarsa ake yi ba, daga Delhi ake turo shi, mulki kuma yana hannun babban minista. A Mayun 2001 jam'iyyar Jayalalithaa ta lashe zaɓe, amma ita Jayalalithaa ba ta ma samu tsayawa takara ba saboda kotu ta same ta da laifi a wata badaƙalar fili. Duk da haka Fatima ta rantsar da ita babbar minista, hujjarta ita ce masu rinjaye ita suka zaɓa ta jagorance su. Ƙarshen watan Yuni 'yan sanda suka je cikin dare suka fizgo tsohon babban minista Karunanidhi, abokin hamayyar Jayalalithaa, daga gidansa, dattijo ɗan shekara 77, duk ƙasa ta gani a talabijin. Gwamnatin firaminista Vajpayee a Delhi ta ce rahoton da gwamna ta aika kan kamen ya wanke gwamnatin jihar, ta yanke shawarar a janye Fatima, ita kuma ta ajiye aikin. A Satumba, Kotun Ƙolin da ta taɓa zama a cikinta ta soke waccan rantsuwa.

Wallahi wannan ya tsaya mini a rai. Mace ta kwashe shekara 34 tana shari'a, siyasa ta zo a 'yan watanni ta watsa mata ƙura. Da ni ƙanwarta ce, da na ce Yaya, bar musu gwamnansu. Amma na tambayi mai shayin nan ɗazu, wani dattijo mai furfura, ko ya san ta. Ko Tamil Nadu bai ambata ba. Ya ajiye ludayi, ya nuna mini hanya da hannu, ya ce alƙaliyarsu ce, garin nan ta dawo ta zauna.

Ta rasu ranar 23 ga Nuwamba, 2023 a Kollam, garin da ta fara lauya, tana da shekara 96. A 2024 gwamnati ta ba ta lambar girmamawa ta Padma Bhushan, bayan ba ta nan. A masallacin Juma'ar garin nan aka binne ta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Ruwan ya ɗan tsagaita. Bari in biya kuɗin shayi in nemi mai adaidaita, in ga ko za a bar ni in leƙa harabar masallacin kafin la'asar. Bas ɗin komawa ba ya jiran kowa.