Daga Teburin Akanta Zuwa Gadin Sabobi: Aikin Gajimare a Ƙaramin Kamfani

Rabi: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Rabi ce, ga Kabiru kamar kullum, ga kuma Malam Lawal, wanda yau shi za mu titsiye. Tambaya guda ce ta fi yawa a saƙonninku: mutum ya daɗe a wata sana'a, yanzu yana son komawa injiniyan gajimare, ta ina zai ɓullo wa abin? Malam, kai fa akanta ne a da.

Malam Lawal: Akanta tsantsa, Malama Rabi. Na daɗe ina fama da shige da ficen kuɗi kafin na sauya layi. Kuma ƙaramin kamfani na faɗa, irin wanda in an kira taron ma'aikata ɗaki ɗaya ya ishe mu har da rarar kujeru.

Kabiru: Anti Rabi, a fara warware wa mai sauraro mene ne aikin ma tukuna.

Malam Lawal: To. A da, kamfanin da ke son manhajarsa ta yi aiki a intanet sai ya sayi manyan kwamfutoci, wato sabobi, ya tanadar musu ɗaki mai sanyi da wuta marar yankewa. A 2006 Amazon ya buɗe S3 don ajiyar bayanai, a watan Maris, sannan EC2 a watan Agusta, inda kake hayar kwamfuta ka biya gwargwadon lokacin da ta yi a kunne. Google ya biyo baya da App Engine a 2008, Microsoft ya fito da Azure a 2010. Injiniyan gajimare shi ne mai haɗa waɗannan kayan haya, ya tsare su, ya tabbatar suna aiki, kuma ba su cinye jarin kamfani ba.

Kabiru: Ka ji akanta! Bai kai ko'ina ba ya ambaci jari.

Malam Lawal: Ai da shi na samu gindin zama, Kabiru. Da na shiga, yaran da na tarar sun fi ni iya rubuta manhaja nesa ba kusa ba. Amma ba wanda ke buɗe takardar cajin wata. Mai kamfani dai ya ga jimla, ya yi tsaki, ya biya. Ni kuwa na saba bin takarda layi-layi. Sai in ga saba uku da aka kunna don gwaji, an gama gwajin tun tuni, suna nan a kunne. Sai in ga faifan ajiya da aka goge sabarsa amma shi yana nan, ba ya jingine da komai, ana ta cajinsa. Sai kuma kuɗin fitar da bayanai, domin manyan kamfanonin nan galibi ba sa cajinka in ka shigar da bayanai, amma in za ka fitar da su zuwa intanet da yawa, a nan ake tatsarka.

Rabi: Me ka yi a kai?

Malam Lawal: Ba wani siddabaru. Na sa doka cewa duk abin da aka kunna sai an lanƙaya masa suna: na wane ne, na wane aiki ne. Na kafa ƙararrawa mai turo saƙo in kashe kuɗi ya wuce wani mataki. Sabobin gwaji kuma na sa su kashe kansu da dare da ƙarshen mako. Daga nan ne aka daina yi mini kallon tsohon da ya zo koyon kwamfuta.

Kabiru: Amma Malam, kada masu sauraro su ɗauka da lissafi kawai ake shiga. Ni dai ina nan a kan bakata: a nemi satifiket. Na AWS, wato sashen gajimare na Amazon, wanda ake kira Solutions Architect Associate, tambayoyi 65 ne cikin minti 130, kuma yana aiki shekara 3. Na Microsoft irin AZ-104 ana sabunta shi duk shekara, kyauta, ta intanet. Mai ɗaukar ma'aikata da ya tara takardun neman aiki a gabansa, ya ga akanta ko malamin makaranta, me zai hana shi wuce takardar in babu wannan shaida?

Malam Lawal: Ban musa ba, ni ma na yi. Satifiket yana sa a kira ka ganawa, kuma tsarin karatunsa yana nuna wa sabon shiga iyakar gonar. Sai dai jarrabawar zaɓi ce, an ba ka amsoshi ka ɗauki daidai. Ranar da shafin kamfani ya faɗi, ba mai miƙo maka amsoshi huɗu.

Rabi: To me ya kamata mutum ya iya da hannunsa?

Malam Lawal: Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da galibin sabobi, kafin komai. Ka iya zama gaban baƙin allon nan kana buga umarni ba tare da gabanka ya faɗi ba. Sannan ka fahimci yadda kwamfutoci ke magana da juna: adireshin IP, da DNS mai fassara sunan shafi zuwa adireshi, da katangar da ke tace masu shiga. Rabin matsalolin da za a kira ka a kai a nan suke ɓoye. Sai Git mai adana tarihin sauye-sauyen da aka yi wa rubutun manhaja, sai ɗan Python, yaren rubuta manhaja. Sai Terraform, wanda HashiCorp ya fitar a 2014, inda kake rubuta tsarin sabobinka a fayil maimakon danne-danne a shafi. Amfaninsa, in ka yi tafiya ko ka bar aikin, na bayanka zai karanta ya gane abin da ka gina.

Kabiru: Ka tsallake Kubernetes da gangan, na lura.

Malam Lawal: Da gangan kuwa. Tsari ne na sarrafa manhajoji masu yawa a kan tarin sabobi, Google ne ya fitar da shi a 2014, daga gogewarsu ta tafiyar da dubban sabobi. Abu ne mai kyau ga mai irin matsalarsu. Kamfanin da ke da manhaja ɗaya da injiniya ɗaya fa? Docker dai a koye shi, a 2013 ya fito, kuma ya zama ruwan dare, yana ƙunshe manhaja da duk kayan da take buƙata. Amma na ga matasa suna ɗora wa ƙaramin kamfani Kubernetes don kawai su rubuta shi a takardar neman aiki na gaba. Su tafi, su bar mutane da abin da ba mai iya gyarawa.

Kabiru: Wannan jifa ne a kasuwa, Malam.

Rabi: Wanda ya tsargu dai da shi ake. Mu koma kan tsaro, don na san nan ne mutane ke jin tsoro.

Malam Lawal: Kamfanonin gajimare suna da ƙa'idar raba alhaki. Su ke tsare gine-gine da injina, kai ke tsare abin da ka zuba da kuma wanda ka ba izinin taɓawa. A 2019 an kwashe bayanan mutane kimanin miliyan 100 daga bankin Capital One na Amurka, kuma ta kuskuren saitin katanga aka shiga. Wannan banki ne mai rundunar masana tsaro. Ina ga kamfanin da kai kaɗai ne? Kuma akwai manhajoji da ke sintiri a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ba dare ba rana suna neman mabuɗin sirri da wani ya manta a cikin rubutunsa. Suna samu, sai a kunna manyan injina da sunanka ana haƙar kuɗin kirifto, kai kuma a kawo maka caji.

Rabi: Innalillahi. A nan ma akantancin ya yi rana?

Malam Lawal: Sosai. A ofishin kuɗi, wanda ya rubuta takardar biya ba shi ke sa mata hannu ba. Haka na kawo: kowa a ba shi izinin da aikinsa ke buƙata kawai, kuma ba a sauya komai a sabar da jama'a ke amfani da ita sai wani ya duba. Shi ya sa nake ce wa masu sauya sana'a kada su jefar da tsohuwar. Ma'aikaciyar jinya ta san miƙa aiki ga na bayanta a rubuce. Malamin makaranta ya iya bayani ga wanda bai sani ba, kuma mai kamfani sau da yawa bai san komai a harkar ba.

Kabiru: Ni abin da ke hana ni barci labarin GitLab ne, kamfanin da ke ajiye wa masu rubuta manhaja aikinsu, Anti Rabi. Ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyansu cikin dare ya goge rumbun bayanai na ainihi, yana zaton na biyu yake gogewa. Kimanin gigabait 300 suka tafi. Suna da hanyoyi biyar na ajiye kwafi, amma da aka je ɗauka ba wadda ke aiki yadda ya kamata. Wani kwafi da aka ɗauka awa 6 kafin nan ne ya cece su, kuma suka nuna aikin gyaran kai tsaye a YouTube.

Malam Lawal: Wata guda bai cika ba, ranar 28 ga Fabrairu, ma'aikacin Amazon ya yi kuskure wajen buga umarni, S3 ya tsaya a yankinsu na arewacin Bajiniya kusan awa 4, shafuka da yawa suka faɗi tare da shi. Shi ya sa a wurinmu na ware rana a kalanda, in ɗauko kwafin ajiya in dawo da shi a saba ta daban, in buɗe in ga bayanan da idona. Aiki ne mai gundura, ba wanda zai yaba maka.

Rabi: Gaskiya dai, Malam, ka ba mu daɗin. Ina ɗacin ƙaramin kamfani?

Malam Lawal: Jiran ko-ta-kwana. A babban kamfani ana karɓa-karɓa, a ƙarami wayarka ce kawai ke ƙara. Mai kamfani zai yi wa abokan ciniki alkawarin kashi 99.9 cikin 100, bai lissafa cewa awa 8 da minti 45 kacal ke nan aka yarda shafi ya faɗi a shekara guda ba. Kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sannan babu na gaba da kai da zai duba aikinka, kana iya shekara kana yin abu a karkace ba wanda ya ce maka uffan. Albashi ma, mai sauya sana'a ya shirya komawa baya na ɗan lokaci, yana karɓar umarni daga sa'annin ƙannensa.

Kabiru: Kamar ni ke nan.

Malam Lawal: Kamar kai, yallaɓai. Amma a can babban kamfani ƙila su damƙa maka kusurwa ɗaya ka daɗe a kanta. A ƙarami za ka taɓa komai, daga rumbun bayanai har takardar caji.

Rabi: In an kira mutum ganawa a irin wannan wuri, me zai tambaya kafin ya amsa?

Malam Lawal: Ya tambayi wa ake kira in abu ya lalace cikin dare, kuma mutum nawa ne ke karɓa-karɓa. Ya tambayi yaushe aka gwada dawo da kwafin ajiya. In suka kalli juna suka yi shiru, ya san aikinsa na makon farko. Sannan ya tambayi wa ke riƙe da babban mabuɗin asusun. Akwai wuraren da za ka tarar yana hannun ma'aikacin da ya bar aiki tun bara.

Kabiru: Kuma ya je da abin da ya gina da hannunsa, ko da ƙaramin shafi ne, ya iya bayanin nawa yake ci a wata. Amma ya kafa ƙararrawar kashe kuɗi tun ranar da ya buɗe asusun gwaji.

Rabi: Kabiru ma ya koma akanta. Lokaci ya cimmana, jama'a. Mako mai zuwa Kabiru zai kare Kubernetes ɗinsa, Malam Lawal kuma ya yi alkawarin ba zai katse shi ba.

Malam Lawal: Ban yi wannan alkawarin ba, Malama.

Rabi: Sai mun haɗu, a huta lafiya.