Lacca: Yadda ake zana taswirar dutsen Denali da kogunansa

Jama'a, barkanmu da warhaka. Yau za mu leƙa jihar Alaska ta Amurka, wajen dutsen Denali, wanda ake kuma kira McKinley. A irin wannan wuri, abin da mai karanta taswira zai fara dubawa shi ne shekarar da aka yi awon, domin ƙanƙara da kogi ba sa zama wuri ɗaya.

Aikin yana farawa da kafa alamomin awo. Ana dasa na'urar GPS a kan falalen dutse, ta yi sa'o'i tana karɓar saƙon tauraron ɗan'adam. Wanda ya dasa ta a kan ƙanƙara ya yi aikin banza, don ƙanƙarar tafiya take yi. Ta Muldrow, wato kogin ƙanƙarar da ke gangarowa daga Denali, a 2021, ta riƙa zamewa fiye da mita 10 a rana.

Sai hoto daga jirgin sama. Lokacinsa ƙarshen Agusta ne, bayan dusar ƙanƙarar bara ta narke, sabuwa ba ta sauka ba. Kowane hoto ya hau kan na bayansa da kusan kashi 60 cikin 100. Matsalar ita ce sabuwar dusa fara ce fat, ba tabo, kwamfuta ba ta samun abin da za ta haɗa hoto biyu da shi, sai layukan tsayi su fito a karkace. Rada kuwa, na'urar da ke awo da igiyar rediyo, tana ratsa gajimare, amma tana nutsewa cikin busasshiyar dusa, kuma matsakaicin tsayin fili take bayarwa, sai ta aske kan tsauni. Awon rada da aka fitar a 2013 ya ba Denali ƙafa 20,237. Da masu awo suka hau da GPS a 2015, suka samu ƙafa 20,310, wato mita 6,190. Bayanan SRTM, wato awon rada da aka yi wa doron ƙasa daga kumbo a shekarar 2000, ma ba su kai yankin Denali ba, sun tsaya a digiri 60 na arewa, shi kuwa yana arewa da nan.

Koguna su ne ciwon kai. Kogin McKinley, da ke fitowa daga Muldrow, rarrabuwa yake yi a kan tsakuwa kamar kitso, hanyoyinsa na sauyawa kowace shekara. Don haka faɗin kwarin gaba ɗaya ake zanawa, a sa masa alamar tsakuwa, a rubuta ranar hoton. Har sa'ar ma a rubuta ta, saboda ruwan narkewa yana ƙaruwa da yamma, ya ja baya da sassafe.