Kafin a ɗaure sukuru a ƙashin baya: wa ƙarfensa zai saki?

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa likitoci, malaman jinya, da ɗalibanmu da ke can baya, ku matso gaba, akwai kujeru.

Abubuwa huɗu zan kawo. Amma ku fara riƙe wannan: sukuru da rodi, wato sandar ƙarfe, da muke sa wa mara lafiya a ƙashin baya riƙon ƙwarya suke yi, har ƙashi ya haɗe da kansa. In ƙashin bai haɗe ba cikin wata 6 zuwa 12, ƙarfen zai yi ta lanƙwasuwa a kowane taku har ya gaji ya karye, ko titaniyam ne ko kobalt. Saboda haka tambayar ita ce, wane ƙashi muka ɗaura wa ƙarfen?

Na farko, ƙarfin ƙashin. Kusa a katakon da gara ta ci, ai kun san ba ta zama. Ma'aunin da aka saba shi ne DEXA, na'urar hoton da ke auna ƙwarin ƙashi, in maki ya kai -2.5 ko ƙasa, an ce ƙashi ya zaizaye. To DEXA tana ruɗin mutum a bayan dattijo. Tsiron ƙashi na tsufa da jijiyar jini da ta yi tauri sai su sa makin ya hau, ka ga lafiya lau, alhali cikin gaɓar fanko ne. Kuma na'urar ba ko'ina take ba a asibitocinmu. Amma hoton CT fa? Yawancin waɗanda za a yi wa tiyatar sun riga sun yi shi, sun biya kuɗinsa. Ka buɗe gaɓar L1, wato ta farko a gaɓoɓin ƙasan baya, ka zana da'ira a tsakiyar ƙashin, ka kauce wa ɓawon gefe da ramin jijiyar da ke baya, ka karanta makin Hounsfield, wato lambar da CT ke bayarwa ta ƙwarin ƙashin. Yanka uku na hoton, ka ɗauki matsakaici. Sama da 160, hankalinka ya kwanta. Ƙasa da 110, ka tsaya. Na sake faɗa, ƙasa da 110, ka tsaya! Minti biyu ne aikin nan, ba allura, ba ƙarin kuɗi. Wanda ke rubutu a gaba, ja layi a ƙarƙashinsa. Hoton ya zama wanda ba a sa ruwan allura ba, don ruwan yana ɗaga makin.

In makin ya yi ƙasa, sai shiri ya canza: sukuru mai kauri, siminti na ƙashi a ramin sukurun, ƙarin gaɓoɓin da za a kama, a auna bitamin D a gyara in yana ƙasa da 20, wanda ke da hali a ba shi teriparatide, allurar da ke gina ƙashi, na 'yan watanni kafin tiyata.

Na biyu, taba. Wani bincike na 1986 ya nuna ƙashi bai haɗe ba a kashi 40 cikin 100 na masu shan sigari, marasa sha kuwa kashi 8. A daina aƙalla mako 6 kafin aiki. Ciwon suga ma haka, a sauko da HbA1c, gwajin matsakaicin sugan jini na 'yan watanni, ƙasa da 8.

Na uku, ko na huɗu ne? Lokaci ya tafi. Tsawon aikin: ɗauri mai tsawo da ya sauka L5 zuwa S1, can ƙarshen ƙashin baya, yana buƙatar sukuru a ƙashin ƙugu. Bayan tiyata kuma, duhun milimita 1 kewaye da sukuru a hoto alamar saki ce.

Na'am, Malama? Tana tambaya a kan tibin ƙashin baya, ko a sa ƙarfe inda ƙwayar cuta take. Tambaya mai kyau, don shi muka fi gani a nan. Ana sa wa. Ƙwayar tibi ba ta manne wa ƙarfe ta yi masa yauƙi kamar ƙwayar cutar staf. Amma sukurun ya shiga lafiyayyun gaɓoɓi sama da ƙasa, a cike gurbin gaba da ya rube, kuma mara lafiya ya sha maganinsa wata 12 cur. In ya yanke a wata na 4 don ya ji sauƙi, cutar za ta ci ƙashin da ke riƙe da sukurun. Malama, bibiyar nan a hannunku take, ku riƙa duba katin maganinsa duk zuwan da ya yi.